Wa Zai Riƙe Sunayen Mutanen Hurumi?

Duk wanda ya taɓa raka gawa zuwa Maƙabartar Ɗan Marna a birnin Katsina ya san cewa wurin ba ya shelar darajarsa. Galibin kaburburan tudun ƙasa ne bayan tudun ƙasa, sai 'yan itatuwa, sai hanyoyin da ƙafafun masu jana'iza suka fitar. Amma a nan aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ranar 6 ga Mayu, 2010, kwana ɗaya bayan rasuwarsa, a maƙabartar da aka kai yayansa Janar Shehu, wanda ya rasu a gidan yarin Abakaliki a Disambar 1997. Mu malamai muna da hakkin mu tuna cewa marigayi Umaru ya riƙe alli, ya koyar da kemistiri, tun kafin ya shiga siyasa.

Sunan maƙabartar ma na malami ne. Wali Ɗan Marina, wanda littattafan Larabci suka sani da Ibnu Sabbag, wato ɗan mai rini, ya rayu a Katsina a ƙarni na 17, zamani ɗaya da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, ya bar sharhi a kan Ishiriniya. Kafin su akwai Wali Ɗan Takum, wanda ya yi alƙalanci a Katsina a farkon ƙarni na 16, kuma har yau akwai maƙabarta mai amsa sunansa. Abin da ya kamata mu tambayi kanmu shi ne: me ya sa muka san waɗannan ukun, alhali dubban da ke kwance kewaye da su ba mu san ko ɗaya ba? Falalarsu ta taimaka, babu shakka. Amma an kuma rubuta su. Ahmad Baba na Timbuktu ya ambaci alƙalin Katsina a littafinsa na tarihin malamai, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo Ɗan Marina da Ɗan Masani a Infaƙul Maisuri, kuma rubuce-rubucensu sun yi ta yawo daga hannun almajiri zuwa hannun almajiri. Ku kwatanta da Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, inda aka tone wasu daga cikin tuddan a 1907, aka sake tonawa a 1992. An sami kayan alfarma da ke nuna manyan mutane ne, amma har yau masana na muhawara a kan ko su wane ne. Sarauta ba ta riƙe musu suna ba.

Idan ana maganar kula da tsohuwar maƙabarta, hankali yakan tafi ga katanga da ƙofa da mai gadi. Muna goyon bayan wannan, domin mun ga yadda gidaje ke matso wa hurumi a birni, da yadda garma ke cin gefensa kaɗan-kaɗan a ƙauye. Sai dai katanga ƙasa take tsarewa. Addininmu bai so a yi gini a kan kabari ba, saboda haka tudu yakan baje bayan 'yan damuna, kuma abin da ke raba hurumi da fili na banza shi ne sanin da ke cikin kan mutane: a nan aka fara binnewa, can ne limamin farko yake, daga waccan tsamiya zuwa wancan kwari ne iyakar da dagaci ya yanka. Wannan sani yana wurin masu haƙar kabari, da liman, da mai unguwa, da 'yan dattawa. Ranar da aka kai na ƙarshensu, hurumin ya zama ƙasar da kowa zai iya jayayya a kanta.

A nan Gangara da ƙauyukan da ke kewaye da mu, haɗarin ya fi na birni. Ba mu manta da ambaliyar Yulin 2018 ba, wadda ta ci rayuka da dama a Jibiya. Ruwan da ya iya ɗaukar gida ba zai bar tudun ƙasa ba. Matsalar 'yan bindiga ta tashi garuruwa, iyalai sun koma Jibiya ko Katsina ko sun ƙetara Nijar, sun bar kaburburan iyayensu babu mai share ciyawa. Akwai yara a azuzuwanmu da ba su taɓa ganin inda kakansu yake ba. Ga kuma iyaka. Tun bayan jihadi, lokacin da gidan sarautar Katsina na da ya yi arewa ya kafa kujerarsa a Maraɗi, zuriya ɗaya take binne nata a ɓangarorin biyu. Da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, mutane sun ɗanɗana abin da ake nufi da a yi rasuwa a gidan ƙanin uba ka kasa zuwa a kan kari.

Za a ce mana wannan hanya ce ta girmama kaburbura, kuma ƙarshenta bidi'a. Mun ji, kuma ba mu raina wannan tsoro ba. Ba mu kira a gina ƙubba ko a nemi tabarraki da ƙasa ba. Malamanmu na kowane ɓangare sun haɗu a kan cewa mamaci yana da hurumi, ba a taka shi, ba a noma a kansa, ba a mai da makwancinsa juji. Rubuta iyakar maƙabarta da sunayen waɗanda aka sani hidima ce ga wannan hukuncin. Za a kuma ce aiki ya riga ya yi wa malami yawa, albashi bai kai wata ba, ajin mutum ɗaya ya zama na uku. Wannan gaskiya ce, kuma a wannan shafi mun sha faɗinta. Abin da muke nema bai wuce littafin rubutu guda da yammacin Asabar biyu ko uku ba.

Shawararmu ga reshe ita ce kowace makaranta ta ɗauki hurumin garinta. Malami ɗaya ko biyu su nemi izinin dagaci da liman, su zauna da masu haƙar kabari, su zagaya da su, su zana iyaka da alamominta, su rubuta sashen da ya fi tsufa da waɗanda aka tabbatar suna kwance a ciki. Inda dattawa biyu suka saɓa, a rubuta maganar kowa da sunansa, kada malami ya yi alƙalanci. Kada kuma a tsallake iyayenmu mata. Ba sa raka gawa, amma su ne suka fi riƙe wa ya haifi wa, da wace shekara aka yi wace annoba. Garuruwan da aka tashi, a nemi dattawansu a inda suke zaune yanzu, a yi zanen daga bakinsu. Babu wanda za a tura daji. Idan an kammala, kwafi ɗaya ya zauna a makaranta, ɗaya a wurin dagaci, ɗaya a ofishin hakimi.

Tunda an maido da darasin tarihi a manhaja bayan shekarun da ya yi a waje, malaminsa zai sami abin da zai fara da shi kafin ya kai yara ga Hasumiyar Gobarau da waliyyan Katsina: sunan wanda ya sari garinsu, da kusurwar da yake kwance. Muna roƙon shugabannin reshe su sa wannan batu a ajandar taro mai zuwa, a kuma fara zagayen da rani, lokacin da ciyawa ta kwanta ana iya ganin tuddan.