Zauren Iyali: Ko a yi wa ƴar kyanwa abokiyar zama?

A wannan fitowa za mu ɗan jingine maganar tarbiyya da ta tsadar cefane, mu duba wata wasiƙa da wata uwar gida ta aiko mana daga Damagaram. Mai karatu yana iya yin murmushi da jin batun, amma in ya bi mu a hankali zai ga akwai rai a cikinsa, akwai kuɗi, akwai kuma lafiyar yara.

Baiwar Allah ta ce a hutun damina yaranta suka shigo da wata ƴar kyanwa, wadda a wasu sassanmu ake kira mage ko mussa, yanzu ta kai wata 4. Tun da aka koma lakwal gida ya yi tsit, sai ƴar kyanwar ta tsiri kuka da bin ƙafa, ta yage gidan sauro biyu, ta kuma yakushi autan gidan. Babbar ƴarta ta ce kaɗaici ne, a samo mata ƴar'uwa. Maigida ya ce baki ɗaya ma da ƙyar ake cika shi, kuma abin da suke shirin yi sunansa yi wa kyanwa kishiya. Ta tambaye mu: wa ya fi gaskiya?

Malama, kowanensu ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya, kuma sai kin haɗa biyun za ki yanke shawara.

Mu fara da maganar maigida. Kyanwar gida jikar kyanwar daji ce, irin wadda har yau ake samu a dazukan Sahel da na Gabas ta Tsakiya, kuma ita dabba ce mai zaman kanta, mai farauta ita kaɗai, mai kare iyakar wurinta. Masana sun ce kimanin shekaru 10,000 da suka wuce ta kusanci ɗan Adam: mutane suka fara noma da ajiye hatsi, ɓera ya biyo hatsi, ita kuma ta biyo ɓera. Wannan ɗabi'a ba ta bar ta ba. Akuya in aka raba ta da garke sai ta yi ta kuka, amma babbar kyanwa tana iya shekara da shekaru ita kaɗai a gida cikin kwanciyar hankali. A inda kyanwoyi suke zama tare da son ransu, galibi za ki tarar uwa ce da ƴaƴanta mata da ƴan'uwanta, kuma abinci ya wadace su. Baƙuwar da aka ajiye mata a tsakar gida ba sanarwa, a idonta mai ƙwacen kwano ce da wurin kwana.

Ita ma yarinyarki ba ta yi kuskure ba. Ƙuruciya daban take. Ƴar kyanwa mai wata 4 tana cikin ganiyar wasa, kuma wasan nan shi ne makarantarta: da kokawa da ƴan'uwanta take koyon farauta, da shi kuma take sanin cewa cizo yana da zafi, domin in ta ciji ƴar'uwa da ƙarfi za a rama ko a guje ta. Wadda aka raba da uwa da ƴan'uwa da wuri ba ta sami wannan darasi ba, shi ya sa take mayar da ƙafar autanki abin farauta. Irin wannan ita ce ta fi kowace amfana da abokiyar zama, ita ce kuma ta fi saurin karɓarta. Abin da zai yi wuya ga kyanwa mai shekara 5 yakan zo da sauƙi ga mai wata 4. Saboda haka in za a yi, yanzu ne lokacinsa.

Amma kafin a aika yaro neman ta biyu, ku zauna da maigida ku yi lissafi. Dabbar da mutum ya shigo da ita gidansa amana ce, kuma dukanmu mun san hadisin da ke cikin Buhari da Muslim na matar da aka yi wa azaba domin ta tsare kyanwa har yunwa ta kashe ta. Kyanwa mai cin nama ce, tuwo da miya kaɗai ba sa riƙe ta; tana bukatar ɗan nama ko kifi ko ƙwai dafaffe. Madarar shanu tana sa da yawa daga cikinsu zawo, albasa da tafarnuwa kuma suna ɓata musu jini. Kyanwa tana iya wuce shekara 12 a raye in ta sami kulawa, wato yaran da suke roƙo yau za su girma su bar gida, ita tana nan. In abincin ɗaya yana yi wa gida nauyi, to da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Lissafi na biyu shi ne haihuwa, kuma a nan ne gidaje da yawa suke faɗawa rami. Macen kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6. Cikinta kwana 63 ne zuwa 65, takan haifi ƴaƴa 3 zuwa 5, kuma tana iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara. Wanda ya haɗa mace da namiji, ko da uwarsu ɗaya, kafin shekara ta zagayo zai ga gidansa ya cika, daga nan sai a fara sa ƴaƴan a buhu ana kaiwa bayan gari. Mata biyu ma ba su tsira ba, domin muzurun unguwa bai san katanga ba. Muzurai biyu kuwa da sun balaga sai faɗa da fesa fitsari mai wari a bango. Maganin wannan aiki ne na hana haihuwa da likitan dabbobi yake yi bayan ya sa dabbar barci. Ku tambaya a ofishin ma'aikatan kiwo ko akwai mai yin sa a garinku, da kuma kuɗinsa. Waɗansu malamai sun yi sassauci a kansa in akwai maslaha kuma ba a azabtar da dabbar ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa.

In kun amince, ku zaɓi sa'arta a shekaru da girman jiki. Kada a ɗauko wadda ba ta cika mako 8 a wurin uwarta ba, in ta kai mako 12 ya fi. In akwai sauran ƴan cikinsu ɗaya a inda aka samo ta farko, ku fara dubawa can, ko da yake rabuwar watanni takan sa su manta juna. A duba idonta da hancinta, kada a ga kwantsa ko majina. A duba gashinta saboda ƙuma da makero, domin makero yana kama yara. A kai ta wurin likitan dabbobi a ba ta maganin tsutsar ciki da allurar rigakafi, musamman ta ciwon haukan kare, wadda ake yi daga wata 3. Kyanwa ma tana ɗaukar wannan ciwo, kuma in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Duk wanda dabba ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sa'an nan ya nufi asibiti.

Sai ranar shigowa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sauke baƙuwa a tsakar gida, a ce su sasanta kansu. Ku ba ta ɗaki nata mai rufuwa, da kwanon abinci, da na ruwa, da wata roba mai faɗi da aka zuba wa rairayi domin bahaya, ta yi mako 1 zuwa 2 a ciki. Wannan zai ba ku damar ganin ko tana ɗauke da wata cuta, ya kuma ba ta gida damar sabawa da ita ta hanci, domin kyanwa da sansana take gane nata. Ki sami tsumma mai tsabta ki shafa a kumatun wannan ki ajiye a makwancin waccan, ki yi haka ga ɗayar ma. Ki riƙa ba su abinci a lokaci ɗaya, ƙofa tana tsakaninsu, har kowace ta haɗa warin ƴar'uwarta da daɗin ci. Bayan haka a buɗe ƙofa kaɗan su ga juna, sa'an nan a bar su tare na ɗan lokaci kina wurin, ana ƙarawa kullum. Sannu ba ta hana zuwa.

Huci da gurnani da tayar da gashi a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne, kada a doke su a kai. Kokawar da ake yi shiru, yau wannan a sama gobe waccan, wasa ce. Abin lura shi ne in ɗaya ta koma ɓuya kullum, ko ta fara fitsari a kan tabarma, ko aka ga jini. To a raba su a koma matakin baya. Wadda ta kwana biyu ba ta ci ba a kai ta likita, haka ma muzurun da yake ta yunƙurin fitsari ba ya fita, shi kam a ranar. Kada kuma a kuskura a ba kyanwa farasitamol, domin ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Ko bayan sun saba, kowace ta ci gaba da cin abinci a kwanonta, nesa da juna, wuraren bahaya kuma su zama 3 ga kyanwa 2. Mai juna biyu ta bar wa wani kwashe kashin, saboda wata cuta da ke iya taɓa ɗan tayi.

Ranar da kika ga suna lasar juna, ko sun kwanta jiki da jiki a inuwar randa, kin yi mata ƴar'uwa. Waɗansu kuwa iyakarsu zaman haƙuri, kowace da kusurwarta, wannan ma ba laifi. In kuma lissafi bai ba da ta biyu ba, kada ki ji kin zalunce ta. Ki sa yara su yi mata wasa safe da yamma da tsumma ɗaure a bakin igiya, su daina miƙa mata hannu ko ƙafa, a ajiye mata guntun icce da za ta riƙa karta, a naɗe gidan sauro da rana. Yawancin wannan ɓarna tana raguwa in ta shekara.

Muna gaida maigida, muna kuma roƙon a karanta masa wannan amsa tun daga farko, kada a tsallake sashen da ya ba shi gaskiya. Masu karatu, ƙofar wannan zaure a buɗe take ga wasiƙunku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.