Me ya sa tsofaffin motocin ƙawa ke yawan shan mai?

Tun daga ranar 29 ga watan Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya kau, lissafin masu motoci a Najeriya ya canza baki ɗaya.

Cikin 'yan kwanaki farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a jihohin Arewa da dama, kuma a watan Oktoban 2024 ya haura naira 1,000, kafin daga baya ya ɗan sassauta a 2025.

Waɗanda abin ya fi yi wa ciwo sun haɗa da masu tsofaffin motocin ƙawa, wato motocin nan da aka ƙera domin gudu, irin su Ford Mustang da Nissan 350Z da Mazda RX-8 da Mercedes-Benz SL. Wasu sun jingine su a gida, wasu kuma sun sayar da su a arha.

Abin tambaya a nan shi ne: shan man da irin waɗannan motoci ke yi halittarsu ce, ko kuwa alamar wata cuta ce da ake iya ganowa a kuma magance?

Halitta ko cuta?

Ko shakka babu motar gudu ba a yi ta don tsimin mai ba. Mazda RX-8, wadda aka ƙera daga 2003 zuwa 2012, injinta ɗan ƙarami ne mai juyawa, amma bisa ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka tana shan kimanin lita 13 a duk tafiyar kilomita 100, alhali Toyota Corolla ta wancan zamani tana shan kusan lita 8.

Saboda haka mai irin wannan mota da ya ga tana shan lita 13 ba shi da abin gyarawa. Amma idan ta kai lita 18 ko 20, to, akwai matsala.

Bambancin ba ƙarami ba ne. A misali, wanda ke tafiyar kilomita 1,000 a wata da motar da ke shan lita 18 a maimakon 13, yana asarar lita 50 ke nan. Idan ana sayar da lita naira 1,000, asarar ta kai naira 50,000, a ƙasar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000 a 2024.

To sai dai akasarin masu motoci ba su san ainihin abin da motocinsu ke sha ba, allurar mai kawai suke kallo, ita kuwa a tsohuwar mota takan yi ƙarya.

Hanyar aunawa mai sauƙi ce. A cika tanki, a rubuta adadin kilomitar da ke kan agogon mota, a yi zirga-zirga kamar kullum, sannan a sake cikawa a famfo ɗaya. Sai a raba litar da ta shiga da kilomitar da aka yi, a ninka sau 100. Idan aka maimaita haka sau biyu ko uku, gaskiya za ta fito.

Ƙwaƙwalwar mota

A motocin da ke amfani da nozul a maimakon kafireta, wata 'yar kwamfuta ce, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota, take yanke yawan man da za a fesa wa inji. Burinta shi ne ta haɗa kashi 14.7 na iska da kashi 1 na fetur bisa nauyi, domin a nan ne mai ke ƙonewa sarai.

Ita wannan ƙwaƙwalwa ba ta gani, sai abin da na'urorin da ke kai mata rahoto suka gaya mata. Ɗaya tana auna iskar da ke shiga inji, ɗaya tana auna zafin ruwa, wata kuma tana jikin salansa tana auna ragowar iskar oksijin da ke cikin hayaƙi.

Idan ɗaya daga cikinsu ta tsufa ta soma ba da labarin ƙarya, sai ƙwaƙwalwar ta riƙa ƙara mai. Motar za ta tashi, za ta yi gudu, mai ita ba zai ji wani ƙara ba, aljihunsa ne kawai zai ji.

Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce gyara babbar matsala irin ta lalacewar na'urar oksijin na iya ƙara nisan da mota ke yi da lita guda da abin da ya kai kashi 40 cikin ɗari.

Alamun inji mai shan mai fiye da kima sanannu ne: baƙin hayaƙi, warin ɗanyen fetur daga salansa, fulogin da ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, da kuma baƙin mai da ke warin fetur, wanda kan nuna cewa nozul na ɗiga.

Tun daga ƙirar 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su kasance da wata kafa da ake jona na'urar bincike, Turai kuma ta bi sahu a motocin fetur daga 2001. Lambar P0172 a kan na'urar tana nufin mai ya yi yawa, P0128 kuma tana nufin inji ba ya kaiwa zafin da ya kamata.

Amma lambar nuni take yi zuwa inda za a duba, ba hukunci ba ce. Sau da yawa a kan sayi sabuwar na'ura mai tsada alhali waya ce ta tsinke, ko wani tiyo ne ya tsage yana shigar da iska.

Gyaran da ke jawo ɓarna

Wani ɓangare na matsalar a gareji ake haifar da shi. Al'ada ce da ta yaɗu a Najeriya cewa da zarar mota ta sauka, sai a cire mata tamostat, wato 'yar bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, a kuma haɗa fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa, bisa hujjar cewa don ƙasashe masu sanyi aka yi su.

An ƙera injin ne ya yi aiki a zafin da ya kai kimanin digiri 90 a ma'aunin Selshiyos. Idan bai kai ba, ƙwaƙwalwar za ta ɗauka yanzu aka tayar da shi, sai ta ci gaba da ba shi mai da yawa. Abin ya fi muni da asuba a lokacin hunturu, da kuma a gajerun tafiye-tafiye na cikin gari.

Galibi zafin da ya sa aka cire tamostat ɗin daga toshewar lagireto ne, ko lalacewar famfon ruwa, kuma cirewar ba ta gyara ko ɗaya daga ciki ba.

Haka nan akwai tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi. Tana ɗauke da ƙarafa masu daraja irin su filatinam, shi ya sa ake sace ta ko a fafe ta. Idan ta toshe takan shaƙe inji, amma sau da yawa ɗanyen fetur ne ke toshe ta, don haka wanda ya cire ta bai taɓa tushen cutar ba.

Taya, birki da ƙafar direba

Akwai kuma dalilan da ba sa buƙatar kwamfuta. Tayar da iskarta ta yi ƙasa, da birkin da ke kamawa bai saki ba, da ƙafafun da suka karkace, duk suna sa inji ya yi dakon banza. Faffaɗan tayoyin da ake sa wa motocin ƙawa su ma suna ƙara nauyin ja.

Wani abin da ya keɓanci motocin gudu shi ne nau'in fetur. Da yawansu an ƙera su ne don fetur mai ƙarfin okten 95 ko 98, amma gidajen mai a Najeriya galibi nau'i ɗaya suke sayarwa. Idan inji ya soma ƙwanƙwasa saboda man bai kai ba, ƙwaƙwalwar takan jinkirta wutar fulogi domin ta kare shi, ƙarfi ya ragu, direba kuma ya ƙara taka totur.

Ga kuma gurɓataccen mai, kamar wanda aka shigo da shi daga Beljiyam a farkon 2022 ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima, wanda ya lalata motoci ya kuma haddasa dogayen layuka.

Tuƙin ganganci shi ma yana da nasa kason. Ma'aikatar makamashin ta Amurka ta ƙiyasta cewa figar mota da taka birki kwatsam na iya rage nisan da ake yi da lita da kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari a cunkoson gari, kuma shan mai yana ƙaruwa da sauri da zarar gudu ya wuce kilomita 80 a sa'a.

Abin da ya wuce motar ƙawa

Batun bai tsaya ga masu motocin ƙawa ba. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa, inda Najeriya ke cikin manyan masu saye.

Cututtukan da ke damun tsohuwar Mustang su ne ke damun tasi da motar haya, sai dai a babban inji asarar ta fi fitowa fili.

A zamanin tallafi, arhar mai ce ta rufe wannan ɓarna, domin ƙara lita biyar ya fi sauƙi a kan biyan kuɗin bincike. Yanzu lissafin ya juye.

Gwamnatin tarayya ta ɓullo da shirin mayar da motoci su riƙa amfani da iskar gas ta CNG a 2023. Amma injin da ke aiki a sanyi, ko wanda fuloginsa ya mutu, zai ci gaba da ɓarna ko da me aka ɗura masa.

Saboda haka ga mai tsohuwar mota, kafin ya yanke shawarar sayarwa ko sauya mata makamashi, matakin farko shi ne ya auna abin da take sha, ya duba taya da birki da fulogi, ya tabbatar tamostat na nan, sannan ya nemi makaniken da ke bincike kafin ya ce a sayo kaya.