Kama Da Wane Ba Ta Wane: Darasin Fiffiken Jirgin Tarai

A bazarar da ta wuce na je gida Tarai, cikin Ƙaramar Hukumar Kibiya, ɗaurin auren 'yar wani aminina. Ana shafa fatiha sai ɗan ƙanwata, wanda bai daɗe da kammala sakandare ba, ya ja ni gefe ya ce, "Kawu, zo ka ga gawar jirgina." Na bi shi har bayan rumbun mahaifinsa. Can na tarar da ƙaramin jirgin sama irin wanda ake tuƙawa da rimot, faɗin fukafukansa ya kai mita ɗaya da rabi, an shafe shi da baƙin fenti yana ƙyalli. Sai dai fiffiken dama ya murɗe kamar fatar da aka shanya ba a kafe ta ba.

Jirgin bai faɗo ba, kuma babu abin da ya buge shi. Sau biyu ya tashi da safe a gonar da aka riga aka share, ya kewaya ya sauka lafiya, yara suna ta shewa. Da rana ta take, sai yaron ya ajiye shi a fili ya tafi sallar azahar, ya tsaya cin abinci. Kafin ya dawo fiffiken ya saki, ya lanƙwashe, ya sandare a haka. Kuɗin da ya tara na ƙwadagon rani guda sun tafi, mahaifinsa kuma ya ce wasan ya isa haka nan.

Na tsaya a kan wannan labari ne saboda mun saba da labarin matasanmu masu ƙera jirgi, amma ba mu saba tambayar abin da ke kashe aikinsu ba. Mai karatu zai iya tuna Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar lissafi da ƙarfin halitta a Jami'ar Bayero, wanda a 2007 labarinsa ya zaga duniya saboda jirgi mai saukar ungulu da ya haɗa da injin tsohuwar mota ƙirar Honda Civic. Mun tafa masa, mun wuce. Haka muke yi wa kowane yaro da ya fito da irin wannan: hoto, yabo, alƙawari, shiru. Ba a cika samun wanda zai zauna da shi ya tambaye shi da me ya yi jikin jirgin, kuma me ya sa ya zaɓi wannan bai zaɓi wancan ba. Alhali a nan gizo ke saƙa.

Ga yadda ake irin wannan aiki a taƙaice. Ana fara yin mazubi mai siffar fiffike ko gangar jirgin, a goge cikinsa da kaki don kada aikin ya manne. Sai a shimfiɗa wani yadi mara nauyi da aka saƙa da zaren gilashi, wanda masu gyaran jikin mota ke kira faiba, a jiƙa shi da danƙo mai ruwa-ruwa. Idan danƙon ya daskare, yadi da danƙo sun zama abu ɗaya, mai ƙarfi, mara nauyi. Zaren shi ke ɗaukar nauyi, danƙon kuma shi ke riƙe zaren a inda aka ajiye shi. Da danƙo ya yi laushi, ƙarfin zaren ya tashi a banza.

Wannan danƙo shi ake kira ifoksi. Wani masanin haɗa sinadarai ɗan ƙasar Suwizalan, Pierre Castan, yana cikin waɗanda suka gano shi a ƙarshen shekarun 1930, lokacin yana aiki a kamfanin kayan haƙori, kuma daga aikinsa ne gam ɗin Araldite da muka sani ya samo asali. A yau kimanin rabin nauyin jikin jirgin Boeing 787 daga irin wannan haɗi ne na zare da danƙo. Ashe yaron Tarai bai ɓata hanya ba. A wajen zaɓen danƙon ne ya yi tuntuɓe, har sau biyu.

Da fari ya shiga birni, wani mai shago ya sayar masa da danƙon da ake liƙin tankin ruwa da bamban mota, ya ce masa duk ɗaya ne. Wannan kuwa foliyesta ne, ba ifoksi ba. Ya fi araha, amma yana tsukewa sosai idan ya bushe, kuma sinadarin da ke ba shi warin nan mai hawa kai yana narkar da farin soson da ake samu cikin kwalin talabijin, wanda da shi yaron ya cika cikin fiffiken. Yana shafawa soson ya lotsa a gabansa. Karo na biyu ya sayi ifoksi na gaskiya, amma irin wanda ake malalawa a daɓen ɗaki ko kan tebur don ado. Ya auna shi da murfin kwalba, sannan ya ƙara ruwan daskararwa kaɗan a kai, wai don ya yi saurin kamawa. Kama da wane ba ta wane. Sunan ɗaya ne, aikin daban.

Abubuwa huɗu ya kamata mai wannan aiki ya nema kafin ya zaro kuɗinsa, kuma duk suna rubuce a takardar bayani da kowane kamfanin kirki ke fitarwa tare da kayansa.

Na farko, kauri. Danƙon jiƙa yadi tsinkakke ne, kusan kamar man gyaɗa, don ya ratsa tsakanin zare ba tare da an labta shi ba. Gam ɗin nan mai bututu biyu da ke kamawa cikin minti biyar ya yi kauri, kuma ba ya ba da lokacin aiki; na ɗan gyara ne kawai. A aikin hannu, nauyin danƙo bai kamata ya wuce nauyin yadin da aka jiƙa da yawa ba: yadi giram 100, danƙo kimanin giram 100. Duk abin da ya ƙaru kaya ne aka ɗora wa jirgi, ba ƙarfi ba.

Na biyu, awo. Ifoksi ruwa biyu ne da ke ƙulluwa da juna ƙwaya da ƙwaya, don haka ƙarin ruwan daskararwa ba ya sa shi sauri. Abin da ya yi rara yana nan a ciki bai sami abokin ƙulli ba, sai ya bar aikin da laushi har abada. Idan takarda ta ce 100 da 40 a nauyi, to wanda zai haɗa giram 10 da giram 4 ya yi kuskuren giram ɗaya tak, ya kauce da kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan daskararwar. Murfin kwalba ba ya ganin wannan bambanci. Ƙaramin sikeli mai batir, irin na masu sayar da gwal, shi ke gani, kuma kuɗinsa bai kai na danƙon da ake asara ba.

Na uku, lokacin aiki, wato mintunan da haɗin zai yi a kofi kafin ya fara kamawa. Kamfanoni kan auna wannan ne a ɗaki mai digiri 20 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyas. Ƙa'idar da masu aikin suka sani ita ce, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage lokacin da kusan rabi. Wanda aka rubuta masa awa ɗaya a digiri 20, zai ba ka kimanin minti 15 ne a watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Kano ke haura 40. Ga shi kuma haɗin da kansa yana fitar da zafi. Idan ya taru da yawa a kofin roba yakan yi hayaƙi har ya narkar da kofin. Saboda haka mu a nan mai jinkirin kamawa ya dace da mu, a haɗa kaɗan-kaɗan, a zuba a faranti mai faɗi, a yi aikin bayan asuba.

Na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne iyakar zafin da danƙon zai jure bayan ya daskare. Kowane ifoksi yana da matakin zafin da idan ya kai, sai ya bar taurin gilashi ya koma laushin roba. Yawancin waɗanda aka bari suka bushe a ɗaki kawai, iyakarsu tana tsakanin digiri 50 da 60. Baƙin abu kuwa da aka bari a ranar bazara yakan wuce digiri 70. Duk wanda ya taɓa ɗora hannu a kan baƙar mota da azahar ba ya bukatar a ba shi labari. Abin da ya sami fiffiken Tarai ke nan. Ko a Jamus mai sanyi, inda jirgin faiba na farko mai shawagi ba inji, wato Phönix, ya tashi a 1957, za ka ga kusan duk jiragen wannan aji farare ne. Ba don ado ba ne, tsoron rana ne. Idan Bajamushe yana tsoron ranarsa, ina ga mu?

Abin sha'awa, ranar da ke ɓata aikin ita ce kuma maganinsa. Ifoksi mai kyau yana ƙara jure zafi idan aka gasa shi a hankali bayan ya daskare, kamar yadda maginiyar tukwane ba ta ɗibar ruwa da ɗanyar tukunya sai ta gasa ta. Akwai nau'in da ake gina jiragen shawagi da shi wanda ake gasawa kimanin awa 15 a digiri 50 zuwa 55. Bature sai ya kunna tanda ya biya kuɗin wuta. Mu kuwa akwatin katako da aka shafa wa baƙin fenti, aka rufe da leda, aka saka ma'aunin zafi a ciki, zai kai wannan mataki a kyauta cikin kwana biyu ko uku na bazara. Sharaɗin kawai shi ne aikin ya zauna cikin mazubinsa har a gama, don kada ya saki ya canza siffa.

Sauran yanayinmu ma suna da nasu hukunci. Da damina, laima kan sa wani maiƙo ya taso a saman danƙon, wanda ke hana shafi na gaba kamawa sai an wanke da ruwa an goge da samfefa. Da hunturu, ƙura ce abokiyar gaba, ga sanyin safiya da ke sa danƙon ya yi kauri. Sai kuma lafiyar mai aikin: ruwan daskararwa yana jawo ƙaiƙayi da ƙurajen fata, kuma wanda jikinsa ya fara ƙin sa, da wuya ya rabu da abin. Safar hannu da takunkumi wajibi ne, kuma kada a wanke hannu da fetur ko tina, domin suna ƙara shigar da sinadarin cikin fata. Sabulu da ruwa sun wadatar.

Kafin na bar Tarai na roƙi mahaifin yaron ya ƙara masa dama ɗaya, na kuma ɗora wa yaron sharaɗi. Na ce masa, "Ɗana, kada ka ƙara gina fiffike sai ka gina ɗan sili." Wato ya yi 'yan tsiraran gwaji masu tsawon taki ɗaya da kowane danƙo da ya samu, ya ɗora su a kan kwanon rufi da tsakar rana, ya rataya wa kowanne dutse mai nauyi iri ɗaya, ya rubuta wanda ya sunkuya da wanda ya tsaya. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Mai shagon da ba zai iya nuna takardar bayanin kayansa ba kuwa, a gaishe shi a wuce.

Wannan tarbiyya ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Tarihin Hausa Bakwai ya kira Kano da Rano sarakunan baba, kuma marini bai taɓa zuba baba da toka a karofi da ka ba. Ya san awonsa, ya san kwanakin da zai jira, ya san yadda zafi da sanyi ke sauya aikin. Abin da ya ɓace mana shi ne ɗaukar wannan natsuwa mu ɗora ta a kan sababbin kaya. Jiragen nan marasa matuƙi da Rundunar Sojan Sama ta ƙaddamar a Kaduna, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018, sunayen Hausa gare su, amma suna kaɗai ba ya sa 'ya'yanmu su gaji sana'ar.

Don haka kirana ga makarantar koyon fasahar karkara ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano da ke Rano, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, da makarantun kimiyya irin na Dawakin Kudu, ba na neman a sayo jirgi ba ne. Danƙo mai kyau a manyan galan yake zuwa, ya fi ƙarfin aljihun yaro ɗaya, amma makaranta na iya saye ta raba wa ashirin. A ware ɗaki ɗaya mai tsabta, da sikeli, da ma'aunin zafi, da malamin da zai koyar da karanta takardar bayani, a buɗe shi ga yaran ƙauyuka ko da ranar Asabar ce kawai. Wanda ya ƙware a kan fiffike, gobe shi zai gyara tankin ruwa da kwale-kwalen Tiga, aikin kuma ya daɗe.

A makon jiya yaron ya kira ni a waya. Ya ce cikin tsiraran gwaji uku, ɗaya ne kawai bai sunkuya ba, kuma ya sayi farin fenti. Allah Ya sa albarka a hannun matasanmu. Sai mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.