Kada Ka Ƙure Gudun Kwamfutar da Furojet Ɗinka Ke Ciki

'Yan'uwa ɗalibai, ana yayin ƙara wa furosesa gudu ta BIOS, amma a ganina ganganci ne a taɓa kwamfutar da furojet ke ciki. In ka riga ka yi, ta ƙi tashi, kada ka ruga wajen mai gyara. Zare wuta, cire batirin CMOS mai kama da kwabo na minti 5, ka mayar, saitin zai koma na asali. In kuma tana tashi tana daskarewa, galibi wutar da ke shiga furosesa ce ta gaza, ko zafi ya yi yawa. Riƙa ƙara 100 MHz kawai, kana gwadawa da Prime95. Zafi ya doshi digiri 90? Ja da baya. Fankar da ƙurar hunturu ta toshe ba ta iya wa zafin Afrilu. Kafin komai dai, kwafe furojet ɗinka a filas.