Rawani Ba Hular Gwamna Ba Ce

Hanyar da ta bi ta Magama Jibiya zuwa Ɗan Isa, daga nan ta zarce Maraɗi, ta haɗa garuruwa biyu da ke amsa sunan Katsina. Bayan Ummarun Dallaje ya karɓe birnin Katsina a shekarar 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, Ɗankasawa ya kafa zama a Maraɗi. Yau sama da shekara ɗari biyu, mai sarautar can Sarkin Katsina ake ce masa. An kore su daga gari, amma mutanensu ba su taɓa yarda cewa an raba su da sarauta ba.

Shi ya sa Bahaushe bai dunƙule saukar sarki a kalma ɗaya ba. Murabus na wanda ya ajiye rawani da hannunsa ne. Tuɓewa kuwa wani ne ya miƙa hannu ya warware rawanin, kamar yadda Turawa suka yi wa Sarkin Katsina Yero a 1906 suka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko. Tsigewa ta fi zafi, cirewa ce da ƙarfi. Amma hukuma kan fake da kalma mai laushi. An ce Sarkin Kano Sanusi na ɗaya ya yi murabus a 1963, alhali kowa ya san gwamnatin Arewa ce ta matsa masa, aka kai shi Azare.

Ba a ce kada a taɓa sarki ba. Zurmi maƙwabciyar Jibiya ce, kuma a 2022 gwamnatin Zamfara ta tuɓe sarkinta bisa zargin hannu a ta'asar 'yan bindiga. Wanda aka sace wa ɗa a wannan yanki ba zai yarda rawani ya zama garkuwar mai laifi ba.

Abin da ke ci wa mutane rai shi ne tuɓewar da ke bin sauyin gwamnati. A Kano an tsige Sanusi na biyu a 2020, aka mayar da shi a 2024, aka sauke Aminu Ado Bayero, gari ya wayi gari da fada biyu. Damagaram ma ta ga haka: an cire Sarki Abubakar Sanda a 2001, aka dawo da shi a 2011.

Majalisun jihohi su gyara doka. Kada a ƙara tuɓe sarki sai an bayyana laifinsa a fili, an ji ta bakinsa, masu zaɓen sarki sun sa baki, kotu kuma ta tabbatar.