A Sauke Waya, A Bar Wa Mai Hoton Biki Hanya

Yanzu da wuya amarya ta shigo zauren dina ba ta tarar da katangar wayoyi a gabanta ba. Ƙawaye da abokan ango, kowa ya ɗaga Tecno ko iPhone yana neman abin ɗorawa a status. Wanda ke shan wahala shi ne mai hoton da aka biya kuɗi, kuma shi za a zarga idan hotunan ba su yi kyau ba.

Aikin hoton biki ba ya da "a sake". Shigowar amarya, lokacin kamu, hawayen uwa ranar kai amarya, duk cikin 'yan daƙiƙu suke wucewa. Hannu ɗaya da ya gitta da waya ya isa ya sa kyamara ta mayar da fokas kan wayar, fuskar amarya ta fito dishi-dishi. Fitilun wayoyi kuma suna ɓata hasken da mai hoto ya tsara. Idan aka fara liƙi kuwa, sai ya yi ta ture-ture kafin ya hango ango da amarya.

Masu cewa waya ta wadatar suna da hujja idan da rana ne. Amma a zauren da hasken ya yi ƙasa, ƙaramar sensar waya ba ta tara haske kamar ta kyamara. Manhaja ce ke cike giɓin, shi ya sa zanen lalle da adon leshi kan fito kamar an shafe su.

Bayan an watse, mai hoto na da sauran aiki: zai tace ɗaruruwan hotuna, ya gyara su a kwamfuta, sau da yawa da wutar janareta. Kyamara da lens daga waje ake shigo da su, kuma faɗuwar darajar naira tun 2023 ta ƙara musu tsada. Duk da haka tun washegari ake damunsa da kira, saboda hotunan waya sun riga sun cika Instagram.

Gyaran ba shi da wuya. MC ya sanar a sauke waya lokacin shigowar amarya, sannan a ware wa baƙi lokacin selfi. Status dai awa 24 yake yi ya ɓace. Hoton da jikoki za su gani yana hannun wanda ake tare wa hanya.