Kada "idan na samu" ta cinye mana wata shekarar

Duk ƙarshen Disamba wayoyi kan cika da saƙo iri ɗaya: Allah Ya sa bana ta fi bara, Allah Ya sa shekarar buɗi ce. Addu'a ce mai kyau, ba mai ƙin cewa amin. Ko Musulmi zai kula da 1 ga Janairu ko sai 1 ga Muharram, wannan na bar wa malamai. Manomi ma shekararsa ba ta farawa sai ranar da ruwan shuka ya sauka. Abin da ya dame ni shi ne tunanin da ke kwance a ƙarƙashin addu'ar a zukatan mutane da yawa, wato rayuwa ta ainihi ba ta soma ba tukuna, tana can gaba tana jiran wani babban abu ya faru. Idan na samu aikin gwamnati. Idan na yi aure. Idan biza ta fito. Idan na gama ginin nan. Kafin nan kuwa, kwanakin da ake ciki an ɗauke su zaman tasha, ana jiran mota ta cika. A ganina wannan lissafi a karkace yake. Ma'anar rayuwa da wadatar zuci suna samuwa ne a cikin yini na yau da kullum, a aikin da mutum ke maimaitawa da mutanen da yake gaisawa da su, kuma wanda bai same su a nan ba da wuya babban abin da yake jira ya kawo masa su.

A fara da alkawuran sabuwar shekara kansu. A shekarun 1980 wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Scranton ta Amurka, John Norcross, ya bi diddigin mutum 200 da suka ƙudurta sauya hali a farkon shekara. Bayan mako guda kashi 77 cikin ɗari na riƙe da alkawarinsu, bayan shekara biyu saura kashi 19. Wannan ba zai ba kowa mamaki ba. Abin da ya fi jan hankali shi ne halin waɗanda babban abin ya faɗo musu da gaske. A 1978 Philip Brickman da abokan aikinsa suka tattauna da mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a cacar tikiti a jihar Illinois, suka kwatanta su da mutanen unguwanninsu da ba su ci komai ba. Farin cikin masu kuɗin bai ɗara na sauran wani abin a-zo-a-gani ba, sannan ga wata hasara da ba su zata ba: ƙananan abubuwa irin su karin kumallo, hira da aboki da jin barkwanci sun rage yi musu daɗi. Mutum 22 ba su da yawa, gaskiya ne. Wani bincike mafi girma da aka yi a Suwidin aka wallafa a 2020 ya nuna masu cin caca sun fi gamsuwa da rayuwarsu, musamman ta fuskar kuɗi, har shekaru bayan ci. Amma shi ma ya tarar cewa walwalar zuciya ta yau da kullum ba ta motsa sosai ba. Kuɗi sun gyara aljihu, safiyar mutum kuwa tana nan yadda take.

Mu a nan mun ga abin da jiran babbar rana ke yi wa mutane. A 2024 ba wata majalisar samari a Kano, Kaduna ko Gusau da ba za ka tarar da kawuna a sunkuye ba, yatsu na ta dannar fuskar waya, wai ana mainin. Har da magidanta, har da matan aure. An sayi data, an biya kuɗin caji, an raba dare, kowa na lissafin motar da zai hau ranar da manhajar mainin ɗin, Hamster Kombat, za ta fashe. Da ranar ta zo a ƙarshen Satumba, abin da akasarin mutane suka samu bai wuce 'yan daloli ba. Kafin nan an yi harkar zuba kuɗi ta MMM, wadda ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. Ban kawo wannan don yi wa kowa dariya ba. Wanda ya gama jami'a ya shekara biyar ba aiki, dole ya kama duk igiyar da aka miƙo masa. Sai dai a lura da abin da aka kashe. Kuɗin data kaɗan ne a ciki. Watanni aka kashe, waɗanda da a gaban tela ko mai gyaran waya aka zauna, da yanzu hannu ya iya wani abu.

To ina wadatar zucin take? Bincike mafi tsawo da aka yi kan wannan tambaya shi ne na Jami'ar Harvard, wanda aka soma a 1938, ya kuma ƙunshi maza 724, wasu ɗaliban jami'ar ne, wasu 'ya'yan talakawan unguwannin Boston. An bi su daga ƙuruciya har tsufa, ana duba lafiyarsu, ana tambayarsu, daga baya aka haɗa da matansu da 'ya'yansu. Shugaban binciken na yanzu, Robert Waldinger, ya sha bayyana cewa abin da ya fi nuna wanda zai tsufa cikin lafiya da kwanciyar hankali shi ne kyawun dangantakarsa da mutane, har ma waɗanda suka fi gamsuwa da zamansu da jama'a suna da shekara 50 su ne suka fi lafiya da suka kai 80. Dangantaka kuwa ba a yin ta da ƙuduri ɗaya na 1 ga Janairu. Ana yin ta ne da leƙa maƙwabci, da dubiya, da zama a ci tuwo kwano ɗaya. Birtaniya sai da ta naɗa ministar yaƙi da kaɗaici a 2018. Mu abin da suke nema da kasafin kuɗi gadonsa muka yi, ga shi muna mayar da ta'aziyya saƙon WhatsApp. Ba na cewa zumuncinmu duk alheri ne. Anko da lefe da gudummawar biki sun jefa gidaje da yawa cikin bashi. Amma wannan gasa ce ta sa rigar zumunci, kuma ita kanta alama ce ta rashin wadatar zuci.

Mai karatu zai iya cewa duk waɗannan binciken Turawa ne a kan Turawa masu ƙoshi. Yana da gaskiya, shi ya sa hujjar da na fi dogara da ita daga gonakin Maraɗi da Damagaram na Nijar take. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, ƙasar ta zama fili fetal, iska na kwashe ƙasa tana binne shuka, manomi kan sake shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. Hukumomi da ƙungiyoyin agaji sun kashe kuɗi mai yawa wajen dashen itatuwa, yawancin dashen ya mutu. A wajajen 1983 wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa duk shekara lokacin sharar gona ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tuntuni, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta buƙatar rijiya ko gandun reno. Manomi zai zo kan kututture da laujensa ko 'yar wuƙa, ya zaɓi toho uku zuwa biyar mafiya ƙarfi, ya datse sauran, ya rage ƙananan rassan ƙasa, ya kare abin daga awaki, bayan 'yan watanni ya dawo ya sake. Shi ke nan. Aiki ne marar armashi, ba bikin ƙaddamarwa, ba mai ɗaukar hoto. Da farko ma dariya aka riƙa yi wa masu yi, domin a lokacin gonar kirki ita ce wadda aka share tas.

Shekara ashirin bayan haka, da masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka kwatanta hotunan sama na da da na tauraron ɗan Adam, sai suka tarar da abin da ba wanda ya tsara: kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200. Da yawansu gawo ne, wanda ke zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma su ciyar da dabbobi da rani. Matan da ke tafiya mai nisa neman itacen girki suka koma samu a gonar gida. Babu manomin da ya tashi da niyyar tare hamada. Kowa gonarsa ya duba, ya ga abin da ke gabansa da bai taɓa ɗauka da daraja ba, ya kula da shi. Abin da nake nufi da wadatar zuci ke nan: mutum ya san darajar abin da ke hannunsa har ya yi masa hidima.

Akwai suka mafi nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. A Najeriya, ƙasar da Hukumar Ƙididdiga ta ce a 2022 mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, akasarinsu a Arewa. Inda litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 kafin cire tallafi a Mayun 2023 ta haura 1,000 a 2024. Inda hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, a lokacin buhun shinkafa ya fi mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 tsada. A irin wannan ƙasa, wa ke amfana idan aka ce wa talaka ya yi wadatar zuci? Ai mai mulki ne. An daɗe ana amfani da "a yi haƙuri" wajen rufe bakin mai kuka, kuma wanda ke wa'azin haƙuri daga cikin mota mai sanyi ya cancanci a yi masa kallon tuhuma. Bincike ma bai goyi bayan masu cewa kuɗi ba komai ba ne. Daniel Kahneman da Angus Deaton sun nuna a 2010 cewa ƙarancin kuɗin shiga na ƙara wa ciwo da mutuwar aure da kaɗaici zafi. Yunwa ba ta jin nasiha.

Amsar tana cikin labarin Maraɗin nan. Dabarar ba ta bazu da wuri ba, kuma dalilin ba lalaci ba ne. A dokar da Nijar ta gada daga Faransa, itace na gwamnati ne ko da a gonarka ya tsiro, malaman daji kan ci tarar wanda ya sare reshe. Wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Sai da riƙon hukuma ya sassauta, aka yi dokar karkara ta 1993 da gyaran dokar daji a 2004, manoma suka tabbata itacen da suka rena nasu ne, sannan abin ya kankama. Ashe aikin hannun mutum da adalcin hukuma ba kishiyoyi ba ne, kowanne na buƙatar ɗayan. Wadatar zuci ta shafi abin da ke tsakanin mutum da rabonsa: kada hassada ta ci shi, kada ya raina sana'arsa, kada ya auna gidansa da hotunan Instagram. Ba ta shafi asibitin da ba magani ko makarantar da ba malami ba. Waɗannan haƙƙi ne, neman su wajibi ne. Ina ma ganin wanda zuciyarsa ta wadata ya fi iya nema, domin shi ne ba a saye da taliya da atamfa ranar zaɓe.

Saura masu cewa wannan magana na kashe zuciya, tana hana matashi buri. Mutuwar zuciya daban, wadatar zuci daban, kuma Bahaushe bai taɓa haɗa su ba. Amy Wrzesniewski da Jane Dutton sun yi nazarin masu shara a wani asibitin Amurka, suka wallafa a 2001. Aiki ɗaya, albashi ɗaya, amma wasu na ganin kansu masu goge ƙasa kawai, wasu kuwa na ganin suna cikin masu jinya: suna kula da majinyacin da ba mai zuwa dubiyarsa, suna tsara sharar yadda ba za ta takura wa marar lafiya ba. Na biyun sun fi jin daɗin aikin. Duk wanda ya taɓa jinya a asibitin gwamnati a nan ya san irin waɗannan mutane, ya kuma san ba su da yawa. Ba abin da ya hana irin wannan mai shara neman ƙarin girma ko komawa makaranta, kuma idan dama ta zo shi za a fara tunawa. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, tukwane take ginawa a ƙauyensu tun tana yarinya, shekaru kafin wani Bature mai ginin tukwane, Michael Cardew, ya ga aikinta ta shiga cibiyarsa a 1954, a garin da yanzu ake kira Suleja. Hannun ya riga ya ƙware kafin duniya ta waiwayo.

Don haka wanda ke son ɗaukar wani ƙuduri a bana, gara ya ɗauki wanda zai shiga cikin yini guda: shafi biyu na karatu bayan Asuba, naira ɗari biyar a asusu, kiran gwaggo duk Juma'a, awa ɗaya a wurin mai koyar da sana'a. Kuma ya san abin zai ɗauki lokaci. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutum 96 masu ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, suka ga a tsaka-tsaki ana buƙatar kwana 66 kafin abu ya zama jiki, kuma tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Wanda ya fara ranar 1 ga Janairu, lissafin zai kai shi makon farko na Maris. Ga wasu a binciken, ƙiyasin ya kai kwana 254.